Gyaran da Jan Biro Bai Yarda da Shi Ba

Kwana huɗu Jan Biro ya yi yana neman yadda zai gaya wa matarsa kalma ɗaya kafin ta sayar da keken ɗinkinta. Mutum ne da ya shekara arba'in da huɗu yana cin abinci da gyaran rubutun wasu, amma wannan kalma ta gagare shi faɗa. Ina kusa da shi a kwanakin nan huɗu, shi ya sa nake ganin zan iya ba da labarin. Sai dai kafin in kai can, ya kamata a san ko wane ne shi.

Na fara ganinsa kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar 'yata. Na je wata ƙaramar maɗaba'a da ke ƙasan wani bene, tsakanin kantin magani da shagon masu sayar da waya, don a buga mini katin godiya ga waɗanda suka zo mana gaisuwa. Na miƙa wa mai shagon takardar da na rubuto. Ko dubawa bai yi ba, ya nuna mini wani tebur a bakin taga.

"Kai wa Jan Biro. Ba abin da ke hawa inji a nan sai ya bi ta hannunsa."

Dattijo ne siriri, tabaransa ɗaure da zare a kunne ɗaya. Ya shimfiɗa takardata, ya ɗora rula ta ƙarfe a ƙarƙashin layin farko, yana saukar da ita layi bayan layi. A layi na uku ya tsaya.

"Malam, ka ce bayan gajeriyar rashin lafiya. Wata nawa ta yi tana jinya?"

"Goma sha huɗu."

"To ba gajeriya ba ce."

"Haka kowa ke rubutawa," na ce.

"Gaskiya ne, haka kowa ke rubutawa. In ka ce a bari, a bari, katinka ne. Amma yarinyar nan ta yi wata goma sha huɗu tana fama. Da ni ne, ba zan rage mata ko ɗaya ba."

Na karɓi bironsa, ni da kaina na soke layin. Katin ya fita da adadin watannin. Tun daga ranar, in na fito daga gida ban san inda zan dosa ba, sai in tsinci kaina a bencin da ke gefen teburinsa. Na yi ritaya daga ɗakin gwajin ruwan sha, inda na yi shekara talatin. Da ya ji na yi jami'a sai ya laƙaba mini Mai Digiri, kuma bai taɓa kirana da wani suna ba.

Yana ɗan shekara goma sha shida ya shiga aikin ɗab'i, a lokacin da ake jera haruffan ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannu, a juye, daga dama zuwa hagu. A can ya koyi karatu a juye, kuma bai daina ba. Kowace takarda sau uku yake karanta ta: sau ɗaya don ma'ana, sau ɗaya don haruffa, sannan ya fara daga kalmar ƙarshe ya hau zuwa ta farko. Ya ce ma'ana tana yaudarar ido, in ka san abin da ake son faɗa sai ka ga abin da ba a rubuta ba. Da kwamfuta ta zo aka kwashe akwatunan haruffa aka sayar wa masu narka ƙarfe, amma ba a iya kwashe shi ba, don kwamfutar ba ta san ƙugiya ba, wato ɗan lanƙwasan nan da ke bambanta ƙ da k, ko ɗ da d. Ya ce a duk shekarunsa ƙugiya ɗaya ce ta taɓa kuɓuce masa. Wani mai gidan abinci ya kawo aikin takardar talla, aka buga masa dubu biyu da “Muna maraba da baki” maimakon baƙi. Jan Biro ya je har gidan abincin ba da haƙuri. Mutumin ya karanta, ya yi dariya har da hawaye, ya ce a bar masa kayansa, ai bakin ne ke ci. Shekara ashirin da faruwar abin, amma in yana ba da labarin kowa na dariya ban da shi.

'Ya ɗaya Allah ya bar musu. Matarsa, wadda kowa ke kira Hajiya, tela ce. Ta yi shekara ashirin tana taka keken ƙafa kafin ta iya sayen babban keke mai aiki da lantarki, irin wanda ke cinye rigar makaranta cikin minti goma. Makarantu biyu ne ke ba ta aikin rigunan ɗalibai, kuma tun da ya yi ritaya, wannan keken ne ke riƙe da gidan.

Ritayar ma ta suna ce. Mai shagon ya sallame shi da abin da ya sawwaƙa, shi kuma ya haɗa da ɗan abin da ya tara, yana nufin ya sayi tsohon injin yanka takarda ya kafa a ɗakin ƙofar gidansa, yana ɗinke wa ɗalibai kundin bincikensu. Amma zaman gida ya gagare shi. Kullum yana kan teburinsa, mai shagon yana ce masa, "Malam, ni fa na sallame ka," shi kuma yana cewa, "Ka sallame ni, ba ka sallami kurakuranka ba."

Mijin 'yarsa ne ya kawo maganar kirifto. Malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, mai ladabi, irin surukin da ke cire takalmi tun daga ƙofa. Ya nuna masa waya, ya yi masa bayanin kuɗin da ba a taɓa shi da hannu, sai dai a saya ta intanet a jira ya yi tsada.

"Baba, injin nan ba gudu zai yi ba. Ka ba shi wata shida, sabo fil za ka saya, ba tsohon wani ba."

Jan Biro ya zuba duka. Watannin farko layin da ke kan wayar kore ne, yana hawa. Ya nuna mini sau biyu ko uku, da ɗan murmushin wanda yake jin kunyar sa'arsa. Na gaya masa gaskiya, ni ruwa na sani, ban san wannan ba. Daga baya layin ya koma ja. Ya ɗan ɗago, ya sake nutsewa, ya ci gaba da nutsewa har wata uku.

Surukin yana da zaure a waya, mai mutum kusan ɗari biyu, duk waɗanda suka sa kuɗinsu. Kowace safiya yakan karanta abin da manyan harkar suka rubuta da Turanci, ya fassara, ya tura. Jan Biro ba ya iya gyara a kan gilashin waya, don haka sai ya kwafe saƙon da hannu a takarda, ya ɗora rularsa.

"Mai Digiri, saurara. Yau cewa suka yi kasuwa tana numfashi."

"Jiya fa?"

"Jiya tana hutawa. Shekaranjiya tana ja da baya don ta yi tsalle. Wata uku tana ja da baya. Yanzu ai ta fita daga filin."

Akwai ranar da aka ce lokacin sanyi ne ya shigo kasuwar, alhali muna zaune gumi na ɗiga mana daga haɓa. Akwai ranar da aka ce ana tankaɗe masu raunin zuciya ne. Akwai ranar da surukin ya rubuta, ba ƙugiya ko ɗaya, cewa masu cewa kasuwa ta karye karya suke yi. Jan Biro ya sa wa ta biyun ƙugiyarta, ya daɗe yana kallon kalmomin biyu a jere.

Amma wadda ta fi ci masa rai ita ce wadda aka fi maimaitawa: gyara. Kasuwa tana gyara. Ɗan gyara ne. Gyara mai amfani ne.

"Wannan kalmar tawa ce," ya ce mini, yana buga bayan biro a kan tebur. "Shekara arba'in da huɗu. Gyara shi ne akwai kuskure a shafi, ka gano shi, ka cire shi, shafin ya fi yadda yake. In ka gama, mai takarda ya tafi da abin da ya fi wanda ya kawo. To ni me na tafi da shi? Da kuɗina suna sayen inji, yanzu kwalin takarda biyu za su saya, in mai kanti ya yi mini ragi. Idan wannan gyara ne, wane ne kuskuren? Ni ne aka cire?"

Na ce masa wataƙila a Turancin ma haka suke faɗa.

"To a can ma an yi sata. Abu ya faɗi, an rasa mai faɗi. Mutum ɗari biyu a zauren nan, ko ɗaya bai rubuta kalmar ba. Wani ya gwada rannan, ya ce jama'a, ni fa ina ganin mun yi asara. Kafin azahar an cire shi, wai yana kawo firgici."

Duk wannan a shago yake yi. Ban san abin da yake faɗa a gida ba sai ranar wata Litinin, da na same shi bai kwafi saƙon safiyar ba, takardun mutane a gabansa, bironsa a rufe.

"Hajiya za ta sayar da keke," ya ce.

Na tambaye shi dalili.

"Yaron nan ya gaya mata rangwame ake yi. Wai abin da ake sayarwa da tsada bara, yanzu ya yi araha, mai wayo yanzu yake saya. Ta yi ciniki da wani tela na bayan layinmu. Ranar Alhamis bayan la'asar zai zo da mota ya ɗauka. Ta ce za ta koma kan tsohon keken ƙafa na 'yan watanni, in gyaran ya ƙare ta sayi biyu."

"Wa ya gaya mata gyara ne?"

Ya cire tabaransa, ya shiga goge shi da bakin riga. Ya daɗe yana gogewa.

"Ni."

Ashe tun ranar farko da layin ya yi ja, da ta tambaye shi yaya kasuwa, abin da ya zo bakinsa ke nan. Kullum da yamma sai ta tambaya, kullum ya ce ana dai gyara. Ita kuwa ta yi shekara talatin da takwas tana zaune da mutumin da ba ya sakin kalma sai ya auna ta. In shi ya ce gyara, to gyara ne.

Ranar Talata ya aika aka kira surukin. Ya zo bayan an tashi daga makaranta, da alli a hannun rigarsa, ya durƙusa ya gaishe mu. Na so in tashi in ba su wuri, Jan Biro ya riƙe mini gwiwa.

"Zauna, kai ne shaida." Ya juya wajen surukin. "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ba da Turanci nake son amsa ba. Kuɗin nan suna nan, ko ba sa nan?"

"Baba, suna nan. Darajarsu ce ta ɗan sauka."

"Ɗan."

"Ai Baba, a harkar nan, mutum bai yi asara ba sai ranar da ya sayar."

"To. In gidana ya ƙone, ban yi asara ba sai ranar da na sayar da tokar?"

Surukin ya sunkuyar da kai. Injin baya yana ta bugawa, bencin na rawa a ƙarƙashinmu. Ni kuwa idona ya sauka a kan takalmansa. Sun yi fari da ƙurar hanya, kuma daga makarantarsu zuwa shagon tafiyar minti arba'in ce. Jan Biro ma ya gani.

"Ina babur ɗinka?"

"Yana wurin gyara, Baba."

"Shi ma?"

Ban yi niyyar dariya ba, ta kuɓuce mini. Surukin ma ya soma, amma ba ta kai ƙarshe ba, ta rikiɗe masa. Ya rufe fuska da tafin hannu. Babu babur, an sayar tun wata biyu da suka wuce, an zuba a rangwame. Filin da mahaifinsa ya bar masa ma ya bi. Matarsa ba ta sani ba, tana jiran makanike ya samo wani ƙarfe da ya yi wuyar samu.

"Baba, in na rubuta ta faɗi, mutum ɗari biyu za su zo ƙofar gidana. Kuma in na rubuta, ni ma sai na karanta."

Bayan ya tafi, Jan Biro bai tashi daga teburinsa ba har aka kashe injin. Ya zo da shirin faɗa da maƙaryaci, ya tarar da wanda ya fi shi rauni. Yanzu in ya gaya wa Hajiya gaskiya, ba kansa kaɗai zai tona ba. Hajiya ba ta ɓoye wa 'yarta komai. Maganar za ta shiga ɗakin yarinyar, kuma bai san abin da za ta tarar ba, bai san abin da za ta bari ba.

Ranar Laraba ya kawo mini shawarar da ya yanke.

"Kai za ka gaya mata. Kai ne mai digiri, tana ganin girmanka. Ka ce ka yi bincike, ka ga lokacin saye bai yi ba tukuna, ta ɗan dakata. Ba sai an kai ga sauran ba."

"Ta dakata zuwa yaushe?"

"Zuwa dai... a ga yadda hali zai yi."

"Wato sabuwar kalma kake so in kai mata."

Ban taɓa ba kowa labarin safiyar ƙarshe ta 'yata ba, har matata ba mu tayar da ita. Ranar na ba shi. Wata goma sha huɗu muna jin likitoci suna cewa muna lura da ita, ta ɗan samu koma baya, za mu ƙara gwada wani abu. Ba na zargin likitocin, na san ba mugunta ba ce, kuma na ga gajiyarsu. A safiyar, wani daga cikinsu ya same ni a barandar asibiti, na tambaye shi yaya take. Ya ce jikin ya ɗan yi nauyi yau. Na sha jin irin wannan. Sai na sauka ƙasa in sayo mata tsinken shan ruwa, don leɓenta ya bushe kuma kofi yana yi mata wuya. Akwai layi a kantin. Na yi minti ashirin da biyar. Da na hau, mahaifiyarta ce kaɗai ke riƙe da hannunta, kuma an riga an gama.

"Da ya ce mini kada ka matsa daga nan, da ban matsa ba," na ce. "Abin da kalmar ta ci mini ke nan. Minti ashirin da biyar."

Amma shi ba mutumin da ke barin layi ya wuce ba ne, ko da a irin wannan lokaci.

"Amma Mai Digiri, kai ma cewa kake yi ta rasu. Ban taɓa jin ka ce ɗayar kalmar ba."

Na yi tunanin wannan tun kafin ya tambaya, don haka ina da amsa. Na ce masa in na ce ta rasu, ba wanda ke zuwa tasha ya jira ta. Kalmar tana da taushi, amma ba ta ɓoye komai, kowa ya san ba dawowa. Tausasa magana ba laifi ba ne. Inda laifin yake shi ne kalmar da za ta sa mutum ya ci gaba da jira, ko ya sauka sayen tsinke, ko ya sayar da abin da ke ciyar da shi.

"To ka raka ni," ya ce. "Ba sai ka yi magana ba. In na fara kauce wa layi, ka yi tari."

Ranar Alhamis muka isa gidan da saura kamar awa ɗaya kafin mai saye ya zo. Falon ƙarami ne, kujeru uku da tebur, keken a kusurwa kusa da taga. Ta goge shi yana ƙyalli, ta zuba masa mai, ta naɗe wayar wutarsa ta ɗaure da ƙyalle. A kansa akwai gwangwanin da ta tara allurai da kwarkwaro, za ta haɗa wa mai saye. Tsohon keken ƙafan kuma an fito da shi daga ɗaki, an jingina shi da bango, belinsa a tsinke.

"A'a, Mai Digiri, yau kai ne a gidanmu? Ashe ana ganinku." Ta kawo ruwa. "Ko ka zo taya abokinka zaman makokin keke ne? Tun jiya yake zagaya shi kamar shi ya haife shi."

Maganar na fita ta tuna da wanda take yi wa. Ta dafa baki.

"Yi haƙuri, don Allah. Bakina ne."

Na ce ba komai, kuma da gaske ba komai.

Jan Biro ya zauna a bakin kujera, hularsa a gwiwa.

"Hajiya, maganar kasuwar nan ce."

"Gyaran? Ya ƙare?"

"Wato, yanayin da ake ciki, in aka duba yadda abubuwa suke tafiya a 'yan kwanakin nan..."

Na yi tari. Ta miƙo mini kofin ruwa. Shi kuwa ya ajiye hular a kan tebur.

"Ba gyara ba ne. Ta faɗi. Kuɗin sun tafi."

"Sun tafi ina?"

"Na yi asara, Hajiya. Kuɗin sallamata da na injin, duka. Abin da ya rage ba zai sayi ƙafar keken nan ba. In kika sayar kika zuba, nan za su bi."

Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ta ja kujerar ɗinkinta ta zauna, ta ɗauki gwangwanin ta ɗora a cinya.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata uku."

"Wata uku kana shigowa gidan nan, in zuba maka abinci, in tambaye ka, ka ce mini gyara."

"Eh."

"Kai? Kai da ka mayar mini da wasiƙata ta farko da ja a jiki, wai na rubuta ina kaunarka ba ƙugiya?" Ta juyo wajena. "Wallahi, Mai Digiri, haka ya yi. Ina 'yar shekara goma sha tara. Na yi kuka kwana biyu, sannan na ce wannan dai ba zai taɓa yi mini ƙarya ba."

Jan Biro bai ɗago ba. Ta jijjiga gwangwanin a hankali, allurai suna ƙara a ciki.

"Yaron fa?"

"Nasa ya fi nawa. Babur, da filin mahaifinsa."

"Babur ɗin da ke wurin makanike."

"Babu makanike."

"Ita ta sani?"

"A'a."

A daidai lokacin muka ji mota ta tsaya a waje, aka yi sallama. Mai saye ne, ya zo da wuri, da mutum biyu masu taya shi ɗauka. Hajiya ba ta motsa ba.

"Fita ka sallame shi. Kuma kada ka ce masa ba na nan, kada ka ce ba ni da lafiya."

Ya fita. Ta taga muna jin muryarsa, ƙasa ƙasa amma kowace kalma a fili. Ya ce an fasa, laifinsa ne ba nata ba, kuma kuɗin motar da aka ɗauko a wuyansa yake. Telan ya yi mita, ya ce ai manya ba sa haka, ya ce ya riga ya share wuri a shagonsa. Jan Biro ya ce duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Motar ta tashi.

Kafin ya dawo, Hajiya ta kwance wayar keken ta mayar da ita jikin bango. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafinta da makullin gida.

"Mayar da hularka," ta ce masa. "Gidan yarinyar nan za mu."

"Yanzu? Hajiya, a bari mana zuwa gobe, a yi tunanin yadda za a ɓullo wa maganar."

"Shekaranjiya ta tambaye ni nawa ake sayen irin sarƙar da na ba ta. Na ɗauka sha'awa ce." Ta yafa mayafin. "Ba gobe. Kai za ka yi magana, a gaban mijinta, ba a bayansa ba. Ni zan zauna kusa da ita."

"In abin ya ɓaci tsakaninsu fa?"

"In ya ɓaci muna wurin. Ya fi ya ɓaci ba ma nan."

Muka fito tare, ta kulle ƙofa. Hanyarmu ɗaya har mararrabar da ke gaban gidan mai, daga nan ni zan yi hagu. Ta yi mini godiya, ta ce in gaida mutanen gida, ta ce in gaya wa matata tana nan zuwa. Shi ya miƙo mini hannu. Na tsaya har suka tsallaka titi, ita a gaba da saurinta, shi a baya da taki biyu, leɓensa na motsi, yana jera abin da zai faɗa. Abin da aka yi a gidan 'yar bai taɓa gaya mini ba, ni kuma ban tambaya ba.